Kwana Uku a Ƙarƙashin Mushen Doki

Duk garin Pukarumi babu wanda ya san inda Toribio Sullca ya nufa a safiyar Litinin ɗin da ƙasa ta zame da shi, kuma ba laifin kowa ba ne, haka al'adarmu take. Mai kamun kuntur, babbar ungulun nan ta duwatsu mai farin wuya, ba ya faɗa wa kowa kwarin da zai kai mushe, ko da matar da suka shekara arba'in suna lulluɓa da bargo ɗaya ce. Tsofaffi sun ce dutse yana da kunne, in ka ambaci wurin a cikin gari, kafin ka isa ya riga ya gaya wa tsuntsayensa. Sai mutum ya ja dokin da za a yanka ya hau shi kaɗai, ya yi zaman jira. Ranar da ya ga sun kusa sauka, sannan yake gangarowa ya kira maza. Jiran yakan kai kwana biyar, yakan kai mako. Don haka in an kwana uku ba a ga Toribio ba, babu mai ɗaga kai daga tukunyar giyar masara ya tambaya.

Dokin wani tsohon kili ne, haƙarƙarinsa duk a waje. A ƙaramar hanyar da ta bi ta saman kwazazzabon da muke kira Maƙogwaron Dila, gefen hanya ya karye a ƙarƙashin ƙafar bayansa. Toribio ya naɗe igiya a hannu har sau uku, abin da shi da kansa yake hana yara. Dokin ya tafi, ya tafi da shi.

Da ya farfaɗo sai ya ga kansa a wani ɗan fili da bai fi faɗin ɗaki biyu ba, dutse ta gefe uku, gefe na huɗu gangaren tsakuwa. Dokin ya karya wuya, ya mutu nan take. Ƙafar hagun Toribio tana ƙarƙashinsa tun daga gwiwa, a matse tsakanin ƙirjin dokin da dutse, kuma ba sai an gaya masa ba, a karye take. Wuƙarsa tana cikin jakar da ta yi nata wuri can ƙasa. Ya tura dokin da ƙafa ɗaya, ya tura da hannu biyu, ya tura har ya ga duhu-duhu. Ko motsi bai yi ba. Abin da ya rage masa a jiki shi ne jan bargon kafaɗarsa, da hularsa, da 'yar jakar ganyen koka da muke taunawa don yunwa da gajiya, da ƙaramar kwalbar giyar rake da ya kawo don ya zuba wa dutse. Shekarunsa sittin da ɗaya, watan Yuli ne, lokacin da ruwan kwano ke kwana ya zama ƙanƙara. Ya san mutum ba ya wuce kwana huɗu a haka.

Shi fa Toribio bai taɓa son wannan sana'a ba. Ubansa ne mai kamun kuntur. Yana ɗan shekara goma sha tara ya riga ya ɗaure ƙunshinsa zai gangara bakin teku, inda wani ɗan uwansa ya samo masa aiki a jirgin kamun kifi. Saura mako biyu ya tafi uban ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Bikin shekara ya matso, gari ba shi da kuntur ɗin da al'ada ta ce a ɗaura a bayan bijimi. Uban bikin shekarar ya zo har ƙofar gida da jama'a a bayansa, ya zuba giya a ƙoƙo ya miƙa wa yaro. A wurinmu in ka karɓi ƙoƙon nan, ka karɓi aikin. In kuma ka ƙi, duk ɗan maraƙin da ya mutu a shekarar, duk gonar dankalin da sanyi ya ƙone, a wuyanka za a rataya. Toribio ya dubi uwarsa, ya karɓa. Ƙunshin ya shekara uku a rataye, daga baya uwar ta kwance ta mayar da kayan cikin akwati.

Tun daga nan kowace shekara ƙoƙo yana zuwa. Bana ma Serapio Layme, wanda ya ɗauki nauyin biki, ya zo da fara'arsa har kunne, yana kiransa Tayta, wato baba, yadda muke girmama dattijo.

"Tayta Toribio, in ba kai ba wa? Yaran yanzu ko kaza ba sa iya kamawa sai ta gaji don kanta."

"Tayta Serapio, gwiwoyina sun ƙare."

"Wa ya ce ka yi gudu? Kai dai ka kai doki ka zauna. Gudu namu ne."

Basilia, matar Toribio, tana daga bakin murhu tana jin su. Sai da baƙi suka watse ta juyo.

"Tsoho, bara ka ce ka gama."

"Na gama mana. Wannan ce ta ƙarshe."

"Ta ƙarshe ta nawa ke nan? Ni na daina ƙirga tun 'yarmu Domitila tana goye. Yarinyar nan ta gyara mana ɗaki a birnin Arequipa har da taga, kai kuwa sai warin mushe. Wa ya riƙe maka hannu ka karɓi ƙoƙon?"

"To kin ga yadda mutane suka tsaya suna kallona."

"Na gani. Haka za su tsaya suna kallo ranar da za a binne ka."

Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Wannan faɗan ne na farko da ya faɗo masa a rai a ƙarƙashin dokin, sai haushi ya kama shi, don ba abin da ya ƙi jini kamar Basilia ta yi gaskiya. Ya buɗe baki ya yi ta ihu. Dutse ya riƙa dawo masa da muryarsa. Da rana ta karkata, sai ga alkamari biyu sun sauka, 'yan tsuntsayen nan masu baƙi da fari da jar fuska, waɗanda ba a yanka ko ɓera a tsauni ba su halarta ba. Ɗaya ya yi tsalle ya hau kan dokin ya nufi ido. Toribio, da tsoro da zafin ciwo, ya wawuri tsakuwa ya jefa musu, ya ɗaga jan bargonsa yana kaɗawa yana zaginsu har kakanni. Suka tashi. Da ya bi su da kallo, can ƙololuwar sama ya hangi wani ɗan baƙin ɗigo yana jewa. Ɗigon ya yi zagaye ɗaya, ya miƙe ya bi bayan tsauni.

Sai jikinsa ya yi sanyi. Shekara arba'in da biyu yana hana maza ko tari a wurin jira, yau shi ne da ihu da jan bargo.

Don kuwa abin da Toribio ya sani a duniya bai wuce wannan ba: yadda kuntur take samun abinci. Mutanen birni sukan ce wari take ji. Shi yakan yi dariya. Ya taɓa rufe mushen tunkiya da ciyawa, ta yi mako tana ɗoyi har karnuka na kuka, ko ɗaya ba ta leƙo ba. Ya yaye ciyawar, kafin kwana biyu sun zo. Ido gare ta. Ba ta tashi da sassafe kamar sauran tsuntsaye, takan zauna a bakin dutse ta shanya fukafukai har rana ta ɗumama kwari, iska mai ɗumi ta taso ta ɗauke ta, ta yini a sama ba ta kaɗa fiffike sai jefi-jefi. Daga can ba ƙasa kaɗai take kallo ba, ƙananan tsuntsaye take kallo, tana kuma kallon 'yan uwanta. Alkamari ya sauka, kuntur ɗaya ta gani ta karkato. Wata daga bayan tsauni ta ga karkatar waccan ta biyo, wata ma ta ga ta biyun. Kafin ka ankara sun zama goma suna zagaye a wuri ɗaya, ana hango su daga tafiyar rabin yini.

Daga tafiyar rabin yini. Daga filin da ke bayan gidansa ke nan, inda Basilia take tattaka dankalin da ta shanya wa sanyi kowace safiya. Muryarsa ba za ta kai ko'ina ba, hayaƙi ba shi da abin yin sa. In akwai mai kai saƙo gida, tsuntsayen nan ne, ga shi kuma ya kore su da hannunsa. Kuntur kuwa ba ta mantuwa da wuri. Mushen da ba kowa a kusa da shi ma takan kwana biyu tana kallo kafin ta yarda, balle wanda ta ga jan abu yana tsalle a gefensa.

Abin da ya rage shi ne ya zama mushe shi ma.

Ranar Talata tun kafin rana ta leƙo kwazazzabon ya fara aiki. Ya lashe ƙanƙarar da ta kwanta a kan bargonsa, ita ce ruwan shansa. Ya juya bargon, ya yi ta ɗibar ƙasa yana gogawa har jan ya dushe. Ya tsige duk ciyawar da hannunsa ya kai gare ta ya barbaza a jikinsa, amma ko tsinke bai bari ya faɗa a kan dokin ba, don dokin ne ake so a gani. Ya ɗiga wa dutse giya, ya kurɓi kaɗan, ya cusa ganye a kumatu. Sannan ya kwanta rigingine, ya kifa hula a fuska, ya bar wata 'yar ɓula da yake ganin sama ta cikinta. Hannuwansa ya tura a hammata. Ya san inda ake fara ci: ido, da harshe, da duk inda fata ke da taushi.

Alkamari suka dawo da hantsi, su huɗu. Suka cire idon dokin, suka ja harshe, suka yi ta faɗa a kai. Fatar ciki ta fi ƙarfin bakinsu, wannan sai manya sun zo. Da suka rasa abin yi, ɗaya ya sauko ya fara yawo a kan Toribio. Yana jin 'yan ƙafafun a cikinsa, a ƙirjinsa. Tsuntsun ya ja bakin hula, ya saki. Ya gangara wajen ƙafar dama, inda takalmin taya ya bar yatsu a fili, ya sari babban yatsa. Ya sake sara. Toribio ya cije ganyen da ke bakinsa har ya haɗa da kumatu, hawaye na gangarawa cikin kunnuwansa, bai motsa ba. Wanzami dai ba ya son jarfa. Dawaki arba'in da biyu ya kwantar a kwaruruka daban-daban ya koma bayan dutse yana tauna ganye, bai taɓa tunanin yadda sama take daga wurin mai kwanciya ba.

Yinin nan duka kuntur ɗaya ce ta gitta, can nesa, ba ta ko karkato ba. Da inuwa ta rufe kwazazzabon ya yaye hula ya yi kuka sosai, irin kukan da bai yi ba ranar da aka binne ubansa. Tsoro yake ji, tsoron mutuwa a wurin da ko gawarsa ba za a samu ba.

Laraba ya wayi gari ƙafar da ke ƙarƙashin doki ta daina ciwo, ya kuma san wannan ba alheri ba ne. Harshensa ya kumbura. Ya mayar da hula, ya kwanta. Da rana ta kai tsaka sai inuwa ta wuce ta kansa, da wannan fito na iska a gashin fiffike wanda duk mai kamun kuntur yake ganewa ko yana barci. Ta 'yar ɓular hular ya fara ƙirga. Biyu. Biyar. Zuwa can ya kai goma sha ɗaya, ya rikice, ya sake farawa. Suna jewa a bisa Maƙogwaron Dila, wasu ƙasa-ƙasa, wasu can sama kamar ƙudaje.

"Ɗaga kanki, tsohuwa," ya ce a cikin hula, leɓɓansa kawai ke motsi. "Kullum bakinki a kaina, idonki a dankali. Yau dai ɗaya ɗaga kanki."

Ba su sauka ba. Suka jeru a bakin dutsen da ke samansa, suka zuba wa dokin ido har yamma. Shi kuma dole ya ci gaba da mutuwa, don in ya motsa suka watse, wanda ya hango su daga gida zai ce wucewa suke yi.

Safiyar Alhamis bai iya ɗaga kai ya lashi ƙanƙara ba, sai ya jawo bakin bargon ya tsotsa. Hankalinsa yana tafiya yana dawowa. Yana cikin haka ya ji ƙasa ta amsa, dim, kamar an yar da buhu. Babban namijin ne ya sauka, mai zanko a ka, wuyansa fari fat. Ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya tako a hankali har ya zo daidai kan Toribio, ƙafafunsa kawai ake gani ta ƙarƙashin hula, masu faɗi, masu dakusassun farata kamar na kaza. Da waɗannan ƙafafun ne mutane ke rantsuwa ana sure musu 'yan raguna, alhali ko ɗan tsako ba za su iya ɗauka ba. Tsuntsun ya yi huci a kan hular. Toribio ya riƙe numfashi har ƙirjinsa ya fara zafi.

Sai namijin ya juya ya nufi bayan dokin, ya kafa baki a inda fata ta fi taushi, ya ja. Ƙarar ta yi kamar ana yaga sabon yadi. Sauran suka sauko ɗaya bayan ɗaya, manyan maza tukuna, sannan mata, yara masu launin ƙasa suna gefe suna jiran abin da za a rage. Suka zura kawuna cikin cikin dokin har wuya, suna fizgo hanji da hanta. Duk fizgar da suka yi sai gawar ta girgiza, karyayyen ƙashin ya motsa, ciwon da ya ɗauke ya dawo sabo. Jini da ruwan ciki suka gangaro suka jiƙa masa wando. Wata ta taka cinyarsa ta wuce. Tsuntsun da yakan kwana biyar bai ci ba, in ya samu ba ya tashi sai ƙirjinsa ya kumbura ya yi nauyi, har sai ya sami gangare da iska da filin gudu kafin ya iya barin ƙasa. Su ma yanzu filin ya riƙe su kamar yadda ya riƙe shi.

Bai san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Ya dai ji tsakuwa na zubewa daga gangare, sannan muryar mutum.

"Ga su nan! Sun ƙoshi, wallahi sun ƙoshi! Ku buɗe barguna!"

Muryar Serapio ce. Toribio ya ture hular da ƙyar. Maza takwas ne suka hauro ta gangaren, suka tare hanya ɗaya tilo da tsuntsayen za su bi. Wuri ya kaure da ihu da kaɗa fukafukai da ƙura. Wasu tsuntsayen suka amayar da abin da suka ci, suka sami sauƙi suka tsallake kan mutane suka faɗa iska. Babban namijin ya yi gudu ya ci karo da dutse, ya juyo. Wani saurayi ya tsallake kan Toribio da bargo a buɗe, har diddigensa ya taɓa masa kafaɗa. Ya gan shi sarai, don sun haɗa ido.

Toribio ya tattara ɗan yawun da ya rage masa don ya ce su ɗaga masa doki. Abin da ya fito daga bakinsa, da wata murya kamar ta tsohuwar ƙofa, shi ne:

"Bakin! Ku fara kama bakin, zai cire maka ido!"

"Ka ji shi ko!" in ji Serapio, yana haki yana dariya, ya danne fiffike ɗaya da gwiwa. "Yana raye! Tayta Toribio, ba ka taɓa ba mu kunya ba! Yi haƙuri kaɗan, bari mu ɗaure shi, kada ya kuɓuce. Kai, miƙo igiyar nan!"

Basilia ce ta ƙarshen haurowa, da rarrafe, siket ɗinta duk ya yage, tulun ruwa a goye a bayanta. Ba ta ko dubi inda ake kokawa ba. Ta durƙusa, ta ɗora kansa a cinyarta, ta jiƙa bakin mayafinta ta matsa masa a leɓe. Ta dubi ƙafar da ke ƙarƙashin dokin, ta dubi yatsan da aka sassara, ta kawar da kai.

"Kin gan su," ya ce.

"Tun jiya da rana. Ungulu ba ta jewar banza, kuma ba saniyar da ke kiwo a Maƙogwaron Dila. Na ce to me ya mutu a can in ba dokin tsohon banzan nan ba? Kai kuma ko giya ta yi maka yawa ba za ka kai mushe inda maza ba su da wurin ɓuya ba. Sha a hankali."

"Tun jiya?" Ya haɗiye da ƙyar. "To me ya hana ku..."

Ta share masa ƙasa daga gira da babban yatsanta.

"Na bi su gida-gida na ce mijina ya faɗa rami. Suka ce Mama Basilia, yi haƙuri, al'ada ce, ba a bin mai kamu sai ya kira. Na yi kuka a ƙofar Serapio, matarsa ta ba ni ruwan zafi ta ce in je in kwanta." Ta sake jiƙa mayafin. "Da asuba na koma na ce masa tsuntsaye goma sha uku na ƙirga, yau za su cinye dokinsa tas su tashi, biki ya zo ba shi da abin ɗaurawa a bayan bijimi. Kafin in rufe baki ya tara mutum bakwai."

Toribio ya rufe ido. A can gefe an naɗe tsuntsun a cikin bargo mafi kyau, ana gardamar wanda ya fara taɓa shi, wani yana cewa a sassauta igiyar kada a karya masa gashi. Basilia ta gyara zama ta kare masa rana da jikinta, suka ci gaba da jira maza su gama su zo su ɗaga dokin.